Su Wa Ke Kallon Hadi?

Malam Hammadu na Masanawa mutum ne da in ya leƙa garken shanu ɗari sau ɗaya, zai gaya maka wadda ba ta nan, ya ƙara maka da sunan uwarta kyauta. Amma miƙa masa takarda, sai ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce mai rubutun ne ba shi da hannu. Lambobi kaɗai ya yarda ya koya, su ma don kada dillalai su raina shi.

Kakanninsa makiyaya ne. Shi ya tashi ya tarar garken ya zama labari, saura gona da bijimai huɗu na turka a bayan gida. Fillancin ma ya bi shanun, sai 'yan kalmomin zagi da ya adana don ranar buƙata. Abu ɗaya ne ya ƙi barin gidan: kunyar ɗan fari.

Hadi ne ɗan farinsa, kuma shekara ashirin da bakwai da ya yi a duniya bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. In Malam Hammadu yana nemansa, sai ya tsaya tsakar gida ya tambayi iska: “Wai babu kowa ne a gidan nan?” Hadi ya san shi ne kowa. Uwarsa Hajjo ma ta fi mijin iyawa. A wurinta shi “wancan” ne, in ta ga dama “mai babur”. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, in ana hirarsa sai ta tashi ta tafi duba tukunyar da ba ta ɗora ba.

Hadi ya yi karatun kiwon dabbobi, ya dawo da wata sabuwa: a narka takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa bambaron shinkafa, a lulluɓe da leda, bayan mako uku ya zama abincin da zai riƙe shanu da rani. Da labarin ya iso wa Malam Hammadu, sai ya ce wa bango, “Saniya ce ko masara? To gobe sai a yi mata huɗa.” Tun ranar ya laƙaba masa Likitan Taki. Hadi ya yi dariya, ya ɗauki abin a bidiyo na minti uku a nan bayan gida, ya sa a shafinsa. Har waya ya saya wa uban, ya nuna masa inda zai taɓa. Malam Hammadu bai taɓa ba.

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da Hadi. Kwana huɗu, aka kai shi makwanci.

A zaman makoki babu wanda ya ga hawayen uban, balle na uwar. Amma wata magana ta liman ta maƙale wa Malam Hammadu: in mutum ya mutu aikinsa ya yanke, sai abu uku, sadaka mai gudana, ɗa nagari mai addu'a, da ilimin da ake amfana da shi. Ya lissafa a zuci. Hadi bai haƙa rijiya ba. Bai yi aure ba, balle ɗa. Saura ɗaya, kuma ita ce wadda shi ya mayar abin dariya.

Bayan arba'in, wata la'asar, ya zagaya bayan rumbu ya ciro wayar, ya taɓa wurin da aka nuna masa. Sai ga Hadi da hularsa a karkace, yana sallama. Malam Hammadu ya sunkuyar da kai bisa sabo, sannan ya tuna babu wanda zai gan shi. Ya ɗago. Minti uku cur ya kalli fuskar ɗansa, abin da bai taɓa yi ba tun ranar suna. Ashe Hadi yana da wushirya. Ashe kunnuwan kakansa ne da shi.

A ƙasan bidiyon akwai wani ɗan ido da ba ya ƙiftawa, da lamba a gefensa: ɗari shida da arba'in. Washegari ta ƙaru. Jibi ma haka. Aka yi girbi, aka shiga rani, lambar nan tana hawa kamar ana tura ta, har ta haura dubu biyu. Malam Hammadu ya shiga ganin mutanen a ransa, na Gude, na Dugabau, na birni, da na ƙasashen da bai san sunansu ba, duk sun yi layi shiru a bayan idon nan, kowa ya kalla lada ya gangara kabari. Wani lokaci yakan ji kamar suna tsaye a bayansa, har ya waiga. In hanya ta bi da shi ta maƙabarta, bayan addu'a sai ya faɗa ƙasa-ƙasa, ba tare da ya ambaci kowa ba: “Yau dubu biyu da ɗari uku.”

Mutum dubu biyu su zo maka gaisuwa ka ƙi cewa an gode, wannan ba tarbiyya ba ce. Saboda haka ranar kasuwar Gwarzo ya nufi shagon Dalhatu mai gyaran waya, abokin Hadi, wanda tare suka buɗe shafin, har yanzu yana iya shiga cikinsa.

Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi shanu, aka tambayi haƙuri.

“Baffa, me ta yi? Ko ka sake wanke ta tare da riga?”

“Lafiyarta ƙalau, ta fi ka. So nake ka rubuta wa mutanen nan godiya. In da hali ka karanto min sunayensu, in sa su a addu'a.”

“Waɗanne mutane?”

“Masu kallon... abokinka.”

Dalhatu ya buɗe shafin a tasa wayar yana murmushi, ya shiga inda mai shafi kaɗai ke gani. Murmushin ya tsaya a hanya. Ya sosa ƙeya, ya ce bari a kawo ruwa.

“Ban zo da ƙishi ba. Karanta.”

“Baffa, lambar da kake gani ba mutane take ƙirgawa ba. Kallo take ƙirgawa, sau nawa aka kunna. In ka je mashaya ka ga sawu dubu a laka, shanu dubu ne suka sha?”

“In saniya goma ce mai yawan dawowa, za ta yi maka sawu dubu.”

“To ka gama karatun. Nan akwai sawu, nan kuma akwai shanun. Tun da aka sa bidiyon, mutum ɗari biyu da sha huɗu ya isa gabansu, kusan duk a makon farko. Cikinsu ma, ga wannan layin da ya faɗo kamar an tunkuɗa shi daga katanga, yawanci daƙiƙa goma suka yi suka wuce. Sallama kawai suka ji.”

“Ba su kai wurin awo ba?”

“Ko jarka ba su gani ba.”

Layin mutanen nan da Malam Hammadu ya yi wata shida yana ji a bayansa ya watse lokaci guda, sai ya ji bayan nasa ya yi sanyi.

“To wa ke ta da lambar?”

“A kwana ashirin da takwas da suka wuce an kunna sau ɗari biyu da casa'in.” Dalhatu ya kauda ido. “Mutum biyu ne.”

“Biyu.”

“Kuma ba sa tashi sai ya ƙare. Ga lokutansu, tudu biyu ne kullum. Ɗaya bayan la'asar.”

Malam Hammadu ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Dalhatu, da yake ɗan halak ne, ya ci gaba kamar bai lura ba.

“Ɗayan kuma da hantsi. Shi wannan yana da wata ɗabi'a. Ka ga nan kusa da ƙarshe, inda layin ya yi tsini? Wurin nan ake ta komawa ana maimaitawa. Bari mu ga me ke wurin.”

Ya ja da yatsa. Hadi ya juya daga kallon mai ɗauka, ya dubi gefe yana dariya: “Inna, matsa mana, kin shiga hoton!” Gefen wani zane shuɗi ya gilma ya ɓace.

Da hantsi Malam Hammadu ke kai bijimai shan ruwa, gidan ya rage mutum ɗaya, da tsohuwar wayar da ƙanwar Hadi ta bar wa uwarsu don jin saƙon murya. Hajjo, wadda ranar da aka fita da gawa ta ce “Allah ya jiƙan Musulmi” ta koma tankaɗe.

“Baffa, ko in rufe?”

“Rufe.” Can ya ce, “Ni da nake kallo, ba na jiƙa bambaro. Ita ma haka. Ke nan babu abin da ke isa can.”

“Wannan sai malamai, ni waya na sani. Abin da na sani shi ne, in mutane ba su taɓa abu ba, shafin ba ya kai shi gaban kowa. Ya ɗauka an gama da shi.”

“In na nuna wa mutum biyar a wayata fa?”

“Mutum ɗaya za ta rubuta. Kai.”

“To ta rubuta. Mala'iku ba a shagonka suke caji ba.”

Daga nan bai nufi tasha ba, kara ya nufa, inda ake cinikin shanu. Rani ya ci rabinsa, dabbobin da aka kawo duk haƙarƙari a waje kamar a ƙirga. Ya tarar da wasu a inuwar darbejiya suna kukan tsadar dusa, ya yi sallama, ya tsuguna, ya ciro waya. A rayuwarsa bai taɓa nuna wa wani ɗansa ba.

Mutum shida suka leƙo. Da aka ambaci taki, ɗaya ya tuntsire da dariya: “Saniya za a yi wa taki? Sai ta yi goyo ke nan!” Malam Hammadu ya ji maganarsa a bakin wani, ta yi masa ɗaci kamar maɗaci. Uku suka tashi tun ba a je ko'ina ba, biyu dillali ya kira su. Saura wani Ɗanladi daga Gude, mai bijimai biyu da tarin bambaron da ya rasa yadda zai yi da shi. Shi ya kalla har ƙarshe, har wurin zane shuɗi.

“Wannan ya san abin da yake yi,” in ji Ɗanladi. “Sai dai ni kaina ba ya riƙe awo, kada in je in kashe dabba. Ba ni lambarsa, ya zo ya tsaya a kai.”

Malam Hammadu ya dubi fuskar da ta tsaya cak a wayar, baki a buɗe, dariyar ba ta ƙarasa ba.

“Ba ya zuwa yanzu.”

“Ya koma birni? Haka suke, da sun yi suna.”

“Ya rasu. Da damina.”

Ɗanladi ya yi salati, ya yi addu'a, ya miƙa hannu zai mayar da wayar. Sai Malam Hammadu ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

“Bambaro kilo ɗari, taki kilo huɗu, ruwa jarka huɗu manya. A narka sarai, kada a bar ko ƙwaya. A yayyafa hawa-hawa ana takawa, a rufe ruf, kwana ashirin da ɗaya. In an buɗe a bar shi ya sha iska kwana guda. Ban da ɗan maraƙi, ban da dabbar da ta kwana da yunwa. Ku kula da kyau fa, jama'a.”

Har “jama'a” ɗin ya fito, da irin jan da Hadi ke yi masa, alhali mutum ɗaya ne a gabansa.

Ɗanladi ya saki baki. “Ashe kai ma likita ne, Baba?”

Sunan ya taso har maƙogwaro, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

“A'a,” in ji Malam Hammadu. “Ni na haifi likitan.” Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. “Ka nemi leda mai kauri, wadda ba ta huje ba. Laraba zan zo Gude. Ta ina ake shiga gidanka?”