Mai Ɗaga Motoci Ya Sauke Tasa

Ƙarƙashin motata ne ya haɗa ni da Oga Innocent Nwabueze. Ban daɗe da dawowa gida ba na gane cewa motar da na taho da ita ba don titunan Kano aka ƙera ta ba, duk tudun rage gudu da na hau sai ta goga ƙasa. Maƙwabcina ya ce in je Kwaciri in tambayi Mai Ɗagawa, kowa zai nuna mini.

Garejin nasa rumfar kwano ce a bayan wani shagon taya. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, Hausarsa ta Kano tsantsa, don a Sabon Gari aka haife shi. Mahaifinsa ya yi aikin gyara a tashar jirgin ƙasa, shi kuma ya fara da gyaran sifirin na manyan motoci, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, tun yana saurayi. Da motocin Kwatano suka cika gari, masu ƙasa-ƙasan nan, sai ya samu sana'arsa ta ainihi. Yakan sa roba mai kauri a saman sifirin, ko ya canja shi da mai tsawo, mota ta tashi, ta haye tudu da lambatu da ruwan damina ba tare da ta yi ƙara ba. Ya ɗaga wa 'yan kasuwa, ya ɗaga wa fastoci da limamai, har motar ɗaukar gawa ta wani masallaci a Fagge ta bi ta hannunsa.

Shi ya sa na yi mamaki da na gan shi a gefen wata baƙar jif yana gwada tsayin kujerarta da guntun sandar tsintsiya. Na tambaye shi ko ita ma ɗaga ta za a yi. Ya ce a'a, tasa ce, sauke ta yake son yi. Sauran labarin a hankali na same shi, a zuwan da na riƙa yi bayan nan.

Matarsa Chinenye, wadda kowa ke kira Maman Tochi, tana da shago a Kasuwar Singa, tana sayar da taliya da madara da tumatirin gwangwani katan-katan. Bara ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. An yi mata aiki, ta warke har tana tafiya da sanda, amma abu biyu suka gagare ta: ɗaga ƙafa sama, da tashi daga mazauni mai ƙasa. Ƙaramar mota idan ta zauna ba ta iya miƙewa. Adaidaita sahu girgizarta ta yi yawa. Jif ɗin kuwa, wadda ɗansu Tochukwu ya aiko musu daga Legas, ta yi mata tsawo, ga shi Innocent ya ƙara ɗaga ta tun ranar da ta iso, don hannunsa ya saba.

Wata Lahadi a ƙofar coci wasu samari biyu suka ciccibe ta suka sa a mota, matan ƙungiyarsu na tsaye suna yi mata sannu. Ta yi wa samarin godiya, ta sa musu albarka. Daga ranar ba ta sake fita ba.

Tochukwu ya fara kira yana cewa su sayar da shagon su koma wajensa, akwai ɗaki a ƙasa, akwai asibiti kusa. Da farko tsaki take yi. Daga baya ta fara cewa ai yaron bai faɗi ƙarya ba. Wannan ne ya tayar wa Innocent da hankali. Ya ce da ni iyayensa a nan aka binne su, kuma idan ya fito ƙofar gida a Legas bai san wa zai gaisar ba. Amma ya san idan Maman Tochi ba ta koma kasuwa da ƙafarta ba, tafiyar ta tabbata, kuma ba zai hana ta ba.

A gidan akwai kujerar katako guda ɗaya, ta keken ɗinki, wadda take zama ta tashi a kai ba mai riƙe ta. Ita ya auna ya yanke sandar tsintsiyar daidai tsayinta. Da ya gwada a jikin mota, ya ga kujerar motar ta ɗara sandar da kusan taƙi guda. Ya cire robobin da ya sa da hannunsa, tazarar ta ragu, saura kamar yatsu uku. Sai ya yi abin da kowane bakanike a layin zai yi, ya kwance sifirin ɗin ya datse su da injin yankan ƙarfe ya mayar.

Motar ta sauka. Sai dai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, motar kuma ta yi tauri. Ya ce shi da ya saba da manyan motoci bai ɗauki taurin a bakin komai ba. Ya lallashi matar ta fito, ta juya baya ta zauna, ta ja ƙafafunta ciki da kanta. Ya ce har waƙar coci ya fara yi a hanya. Da suka hau layin dogo motar ta buga kamar amalanke. Maman Tochi ta damƙe ƙofa, gumi ya keto mata.

"Inno, mai da ni gida."

Ba ta yi masa faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi damunsa. Washegari ya ji ta a waya tana tambayar Tochukwu ko ɗakin nan yana da taga.

A lokacin ne ya nufi wajen Fathia. 'Yar amininsa ce marigayi Azeez, wani Bayarabe mai gyaran rediyo a Fagge. Ta yi karatun lantarkin mota, ta buɗe shago a Sabon Gari inda take jona kwamfuta a jikin mota ta ga abin da ke damunta. Innocent ya daɗe yana tsokanarta da likitar da ba ta taɓa majinyaci. Ita kuma tana ce masa mahaucin ƙarfe.

Ta leƙa ƙarƙashin jif ɗin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Wani tsoho ne. Na riga na yi masa faɗa."

"Ka ƙara masa."

Ta nuna masa waya siririya da ke shiga kan kowane shokazoba, ƙarfen nan da ke shanye girgizar hanya. Ta ce irin waɗannan ba kamar waɗanda ya sani ba ne, motar da kanta take sassauta su ko ta ɗaure su gwargwadon hanya, kuma tana sanin tsayinta ta wasu 'yan ƙarafa da ke kusa da tayoyi. Da ya datse sifirin, kowane ɓangare ya zauna daban, lissafin ya rikice mata. Ita kuwa idan ta rikice, ɗaure komai take yi tamau. Maganin shi ne a samo sifirin da aka ƙera gajeru tun daga masana'anta don irin wannan motar, a sa, sannan a sanar da motar sabon tsayinta. Amma ta ce yatsu biyu kawai za su ba shi cikin ukun da yake nema. Idan aka wuce haka shokazoba ba za su samu wurin motsi ba.

Ya ce yatsa ɗaya fa? Ta ce wannan kuma ba a cikin kwamfuta yake ba.

An duba Kano ba a samu sifirin ba, sai Legas. Wanda zai shiga kasuwar kayan mota ya nemo ya aiko kuwa Tochukwu ne, mutumin da ke gyara musu ɗaki. Innocent ya yi kwanaki yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Da ya kira, bai yi kwana-kwana ba, ya gaya masa har abin da ya faru a layin dogo. Yaron ya ce zai aiko, amma idan aka sa kuma Mama ta sake jin ciwo, maganar ta ƙare, za su taho. Innocent ya ce ya yarda.

Kafin kayan su iso ya nemo yatsansa ɗaya a ƙasa. Ya zuba siminti a ƙofar gida, ɗan dandamali mai gangare wanda ba sai an ɗaga ƙafa ba, yadda mai tsayawa a kai zai ƙaru da yatsa guda. A Singa ya tarar daɓen gaban shagon ya isa, in dai ya matsa da motar sosai. A coci ya zagaya da sandarsa har ya samu wuri a gefen ofishin fasto, ya roƙa aka bar masa.

Ranar da aka sa sifirin ina wurin. Shi ya yi aikin ƙarfen, yana zare kowace waya a hankali kamar mai cire ƙaya, Fathia na tsaye a kansa tana cewa kada ya ja. Aka sauke motar a daɓe mai daidai, Fathia ta zauna a ciki da kwamfutarta a cinya, can sai fitilar ta mutu. Suka kai aka daidaita tayoyi, suka gyara saitin fitilun gaba da suka koma kallon ƙasa. Innocent bai gamsu ba. Ya cika kwanon sha da ruwa ya miƙa mini, ya ce in zauna a kujerar Maman Tochi in riƙe. Muka hau layin dogon nan, muka juyo muka sake hawa. Ruwan ya yi rawa, ɗan kaɗan ya taɓa mini babban yatsa. Innocent ya gyaɗa kai.

Saura mai kujerar. Ta ce ba inda za ta, ta gaji da zama abin gwaji. Bai roƙe ta ba. Da safe yana shan shayi ya ambata, kamar ba da wata manufa ba, cewa ya bi ta shago ya ga ƙanwarta Mercy, wadda ke riƙe mata wurin, ta jera katan-katan na madara a bakin ƙofa inda rana ke duka. Ya ce bai gama shayin ba ya ji tana neman ɗankwalinta.

Fathia ce ta ba ni labarin tafiyar, don ita ta zauna a baya. Maman Tochi ta shiga da kanta. Da suka doshi layin dogo ta kama ƙofa ta rufe ido. Suka haye. Ta buɗe ido ta waiwaya ta kalli layin, sannan ta ce wa mijin ya daina tafiya kamar mai rakiyar amarya, kasuwa na ci.

A Singa masu turin kura suka fara ganinta, labari ya riga motar isa. Innocent ya matsa da ita jikin daɓen. Wani ɗan dako ya taho zai kama ta, ta ɗaga masa sanda.

"Wanda ya taɓa ni sai na rama. Ku matsa in wuce."

Ta sauko, ta tsaya, ta gyara zaninta. Maƙwabcin shagonta Alhaji Baffa ya ce ai sun ɗauka ta zama 'yar Legas. Ta ce masa da ya ji daɗi, ya kwashe mata masu saye, to ta dawo. Madarar kuwa tana can ciki a inuwa inda ta saba zama. Ta dubi katan-katan ɗin, ta dubi mijinta, shi kuma ya duƙa yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Yanzu kullum shi yake kai ta da safe ya ɗauko ta bayan la'asar. Motar ba ta son manyan tudu, sai ya karkace ya hau su a gicciye, 'yan adaidaita na danna masa ham, abokan sana'arsa na yi masa tayin su ɗaga masa ita a farashin zumunci. Damina ce bai san yadda za su yi da ita ba tukuna, don akwai layukan Sabon Gari da ruwa ke kai wa gwiwa. Ya ce ya fara bin unguwa a ƙafa yana duba hanyoyin da ba sa tara ruwa.

Tochukwu ya kira ranar da ta cika mako a kasuwa. Ta ce masa ɗakin nan ya sa haya ko ya yi aure ya cika shi, yanzu tana da mutane a gabanta, za ta kira shi in ta tashi.