Jakar Anti A'a

A ofishin gidauniyar babu mai kiranta da sunan yanka. Anti A'a suke ce mata, kuma ta ci sunan. Aikinta ba masu hannu da shuni shawara kan yadda za su taimaki masu cuta mai karya garkuwar jiki, amma rabin shawararta hani ne. Wani attajiri ya so a kafa allo mai sunansa a ƙofar asibiti, ta ce a'a. Wata ta so a ɗauke ta hoto tana miƙa wa marasa lafiya bargo, Anti ta tambaye ta ko ita za ta yarda a ɗauke ta a kan gadon haihuwa. Matar ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta ba.

Ba a takarda ta koyo wannan ba. Nas ce a da, tun zamanin da babu magani, lokacin da dangi kan ajiye kwanon abinci a bakin ƙofa su juya. Ga kuma Auta, ƙanenta bakanike, wanda ta rena bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya daɗe da cutar, kuma daga ita sai matarsa suka sani. Yana karɓar maganinsa a kan kari, ya murmure har ya ajiye tumbi, tana tsokanarsa wai yanzu sai an ɗaga mota da kyau kafin ya shiga ƙarƙashinta. Muddin bai bar maganin nan ba, lafiyarsa ƙalau.

Saboda shi ma ta kawo maganar abinci. Ta sha jin yana cewa ƙwayar ba ta son cikin da babu komai. Ta shawo kan masu gidauniyar a riƙa haɗa wa kowa shinkafa da wake da man girki ranar karɓar magani. Leda tana fashewa a hanya, don haka a ɗinka jaka mai ƙwari. Suka so a buga tambarinsu a jiki, ta ce ko ɗigon tawada ba ta yarda ba. Da tela ya ce rawayan yadi ne da shi da yawa, ta ce ya ɗinka da shi, me launi zai yi?

Ba a jima ba nas ɗin asibitin da ake rabon ta fara ƙorafin layi yana raguwa. Anti ta ɗora laifin kan tsadar mota. Ta shiga tafiye-tafiyen aiki, Auta kuma a waya kullum cewa yake komai lafiya.

Rannan matarsa ta kira ta tana kuka. Da Anti ta je ta ɗaga labulen ɗakin, sai ta ga Auta a kwance. Tumbin nan babu shi. Wuyansa ya zama kamar na kaza, leɓɓansa sun tsattsage, agogonsa ya zamo har gwiwar hannu. Ta tambayi yaushe rabonsa da magani, matar ta sunkuyar da kai ta ce an kwana biyu sosai. Anti ta hau shi da faɗa.

Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Yaya, jakarki ce."

Ya ce duk garin wuri ɗaya ake ba da irinta, kuma kowa ya gane masu wace cuta ake ba. Ranar da ya shiga gareji da ita, wani ya zo ya ja motarsa ba a gama gyara ba. Matarsa ta je karɓo masa, maƙwabta suka hana yaransu shigowa gidan. Yanzu ma ko ka ƙi jakar, masu zaman banza sun san ranar rabo, suna gefen titi suna ƙirga fuskoki.

Anti ta ce ai babu rubutu a jiki, ita da kanta ta hana.

Matar ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Auta ya dubi Anti ya ce, "Riƙe ta ki je bakin titi ki samo mana mota."

Ta rataya ta fita. Mai shagon kusurwa, wadda kullum kan jawo mata kujera ta ba ta ruwa, ta dubi jakar, ta dubi fuskarta, ta ja ɗiyarta ciki. Mai wankin hula ya amsa sallamarta yana kallon ƙasa. Kafin ta kai titi kunya da tsoro sun rufe ta, ita da ko ciwon kai ba ta yi.

A asibiti likita ya ce ba lallai maganin da ya saba ya sake yi masa aiki ba, sai an gwada wani. Tana zaune riƙe da hannun Auta wayarta ta yi ƙara. Shugaban gidauniyar ne, muryarsa fal murna. Ya ce albishirinta, sauran attajiran sun ga kyan tsarinta, an ɗinka jakunkunan har na sauran garuruwa.

Ta ce a'a.

Ya yi dariya, ya ce yau kam ta makara, motocin da ke ɗauke da jakunkunan sun tashi tun da safe.