Shaidar da Na Kai Kumasi

Litinin: Tamale zuwa Kumasi

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba lori ya tashi da mu daga Tamale, farkon daminar 1970. Kotu ce ta kira ni shaida. A watannin korar baƙi daga Gana, wasu mutane sun rufe yayana Sani da duka a tashar Race Course ta Kumasi, alhali a nan ƙasar, a Salaga, aka haife mu. Bayan kwana uku ya cika. Ina wurin aka yi. Wanda ake tuhuma maƙwabcinsa ne, Bukari, sun daɗe suna rigima a kan rumfar kasuwa.

Sa'a uku muka yi muna jiran jirgin fito na Yeji. Na sayi waken pesuwa goma, na kasa ci. A shingen Ejura ɗan sanda ya juya takardar haihuwata.

"Kai Bahaushe ne, me ya hana ka tafiya?"

"Ina zan je? A nan aka binne kakana."

Direba ya ce, "Malam, shiga mota kawai."

Muka iso Zangon Kumasi da magariba, bayan fiye da mil ɗari biyu. Rumfuna da yawa an garƙame su. Na sauka gidan Sani. Matarsa Hajara ta kawo ruwa, ta ce, "Kai kaɗai muka dogara da shi."

Talata: Asawase

Da hantsi aka kai ni unguwar Asawase, wurin Ticha Haruna, tsohon malamin sakandare, don ya nuna mini yadda ake magana a kotu. Ya ce kada kalmar ramuwa ta fito daga bakina.

"A Atina ta Girka, zamanin da, mai ƙara yakan miƙe ya ce wannan maƙiyina ne, ramuwa na zo yi. Masu hukunci ba sa ganin laifinsa, sun san ba kwaɗayi ya kawo shi ba. Nan kuwa, kana faɗin haka, lauya ya gama da kai."

Ya dube ni. "Amma ka ga sanda a hannun Bukari?"

Na miƙe na yi masa sallama.

Laraba: kotu

Ƙarfe goma aka miƙo mini Alƙur'ani. Tun Yeji na shirya zan ce na ga Bukari ya doke shi. Lauyan Bukari ya tambaya ta bakin tafinta ko na tsani mutumin.

Na ce, "Na tsane shi. Da so samu ne ya mutu a kurkuku."

"Ka ga ya doki marigayi?"

"Na gan shi cikin taron, yana ihu. Ban ga ya ɗaga hannu ba."

Kafin azahar aka sallami Bukari. Ya wuce ta gabana bai ɗago kai ba. A ƙofa Hajara ta ce, "Tun daga Tamale ka taso don wannan?" Da yamma 'yarta ce ta kawo mini tuwo, ita ba ta sake fitowa ba.

Alhamis: komawa

Na je kabarin Sani bayan asuba, na hau lorin ƙarfe bakwai. Da isha'i na shiga gida, na tarar mahaifiyarmu tana jira a tsakar gida.

"An ɗaure shi?"

"A'a, Inna."

"Ka yi ƙarya a kan Alƙur'ani?"

"A'a."

Ta daɗe tana share ido, sannan ta ce in wanke hannu in ci abinci.

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, da Ticha Haruna, da Hajara da ta ciyar da ni duk da fushinta.