Yanbu, Inda Baba Ya Ce Zai Jira

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba, wanda mutanen unguwarmu ta Sih suka sani da Malam Haruna Direba. Allah ya ba shi abin da kowane mazaunin Madina yake roƙo: ya cika a cikin gari, aka kai shi Baƙi'a. Sai dai ni mace ce, mata ba sa shiga maƙabartar, kuma ko an bar ni na shiga, babu kabarin da aka rubuta wa suna. Shi ya sa idan kewarsa ta taso mini, maigidana nake tasawa a gaba da mita har sai ya tayar da mota mun kama hanyar Yanbu.

Wanda ya san Yanbu ta yau, da matatun man fetur ɗinta da wutar da ke ci a saman bututu, zai ce me mace mai jikoki take nema a can? Ai ba wannan nake nufi ba. Akwai tsohon gari a bakin teku, ɗan ƙarami, gidajensa na dutsen da ake cirowa daga ruwa, tagoginsa na katako mai sassaƙa. Tun a zamanin da, shi ne ƙofar Madina ta ruwa. A nan ake sauke alhazai da hatsin Masar, raƙuma su kwasa su yi gabas. A nan kuma Baba ya fara taka ƙasar Hijaz yana saurayi.

Daga Sawakin ya taso, a gaɓar Sudan, inda iyayensa suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka har ajali ya riske su. Su biyu suka rage, shi da ƙanwarsa Hajara. Ranar da jirgi zai tashi zazzaɓi ya kwantar da ita, masu jirgi suka ce ba sa ɗaukar mara lafiya. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta ce ya tafi, ita za ta riƙe yarinyar, in ta warke ta biyo jirgi na gaba. Baba ya durƙusa a gefen tabarmar Hajara ya ce mata Yanbu zai sauka, kuma a Yanbu zai jira ta. Ba ta zo a jirgi na gaba ba, ba ta zo a na bayansa ba. Saƙon da ya aika ta bakin alhazai ya dawo da cewa tsohuwar ta ƙaura da ita wajen Gadarif, daga nan kuma labari ya yanke.

Alƙawari kaya ne, in ji Hausawa, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki nasa da taurin kai irin na Baba ba. Da ya zauna a Madina ya koyi tuƙi, abokansa duk suka kama hanyar Makka inda fasinja ba ya ƙarewa, shi kuwa ya ce sai Yanbu. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji. Duk ranar da abbara za ta iso, wato babban jirgin nan mai ɗaukar mutane da motoci, sai ya ajiye mota ya je ƙofar tashar ya tsaya. Yana duba fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya wuce, sannan ya nemi fasinja, galibi wasu direbobin sun riga sun kwashe.

Abin da ya fi ba mu haushi, mu 'ya'yansa, shi ne kowa ya san jiragen Sudan sun daɗe da komawa Jidda. Abbarar Yanbu daga Masar take zuwa, cike da manoma da magina da masu umara. Wata rana na kasa haƙuri na faɗa masa.

“Na sani, ya binti,” ya ce, wato 'yata da Larabci. “Amma ita ba ta san Jidda ba. Yanbu na ce mata.”



Ina kewar waɗannan tafiye-tafiyen, wallahi ina kewarsu. Lokacin hutu yakan kwashe mu, daga baya har da 'ya'yana, ya kai mu Sharm inda ruwa yake garau kana hangen ƙafarka a ƙasa. Mu ci shinkafa da kifi a wata rumfa kusa da kasuwar masunta, ya saya wa Inna busasshen kifi don ta huce. Yakan nuna mana dutsen Radwa daga nesa, ya nuna mana inda ya fara kwana a ƙasa ranar da ya sauka. Amma da zarar jirgi ya yi kuka, sai ya miƙe da loma a hannu, mu bi shi da dariya muna cewa ga amaryar Baba ta iso.

Da ciwo ya kama shi a Yanbu, yayana ya je ya ɗauko shi. Bai yi gardama ba, don babu musulmin da za a ce masa zo ka mutu a Madina ya ce a'a. Sai dai a kan gadonsa ya riƙa tambaya, to yanzu wa zai tsaya a ƙofar? Muka ce masa za mu tsaya. Mun je kuwa, amma namu zuwan na kewarsa ne, babu wanda ya sa rai da ganin kowa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yanzu. An zagaye tashar da shinge, ba ka isa ƙofa sai da takarda. Jama'a sun koma jirgin sama, abbara sai jefi-jefi. Tsofaffin gidajen nan suna zubewa, kyanwoyi ne kawai a ciki. Jikokinsa kuwa ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Ina jin zai girgiza kai ya ce kowa ya daɗe ya ga daɗau, sannan ya nemi inuwa a jikin shingen ya ci gaba da abin da ya kawo shi.

Bara, wani tela ɗan Sudan da ke unguwar Ƙiblatain ya rako wata mata gidanmu, lulluɓe da tobi irin na matan can. Ta zo umara ta Jidda, ta yi ta cigiyar wani Haruna ɗan Sawakin har aka kai ta wurin telan. Sunanta Sa'adiyya. Tun kafin ta zauna na ga goshin Baba a fuskarta. 'Yar Gwaggo Hajara ce, taubashiyata ke nan.

“Ke ce 'yar mai taurin kan nan?” ta ce.

“Ni ce. Ke kuma 'yar sarkin makara?”

Muka yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta ce mana Gwaggo ba ta daɗe da rasuwa ba, a wani ƙauye bayan Gadarif. An yi mata aure, ta haihu, noma da rainon yara suka cinye shekarun, hanya ba ta taɓa buɗe mata ba. Amma duk wanda ya kira ta marainiya sai ta ce a'a, ita tana da yaya a Yanbu, yana jiran ta.

Washegari Sa'adiyya ta ce a kai ta Yanbu. Muka tsaya a jikin shingen da hantsi, babu jirgi ko ɗaya a tashar. Ta kama ƙarfen da hannu biyu ta ɗaga murya da irin Hausarsu ta Sudan: “Kawu, Hajara ta ce a gaya maka ba ƙi ta yi ba.”

Motar Baba an sayar, abokan tuƙinsa sun ƙare, garin da ya sani yana rushewa. Abin da ya bar mana shi ne wannan: mutum biyu sun tsufa a gaɓa biyu ta teku ɗaya, babu wasiƙa babu saƙo, kuma babu wanda ya taɓa zargin ɗan'uwansa da mantuwa. Mu da muka yi masa dariya muna da waya a hannu, amma sai wata ya wuce ban ji muryar yayana ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne bai ji maganar nan da kunnensa ba. Allah ya jiƙan ka Baba, ya jiƙan Gwaggo, ya haɗa ku inda babu teku a tsakani.