Ɗaya ga Oktoba Tawa Ce

Ranar ɗaya ga Oktoba aka haife ni, ranar bikin 'yancin Najeriya. Tun ina yaro na saba raba ranata da ƙasa guda: ita ta ɗauki fareti da jawabin rediyo, ni in ɗauki shinkafa da cinyar kaza. Ba mu taɓa faɗa ba.

Sai ga Baba, mutumin da ko coci a makare yake zuwa, ya tsallake duk ranakun shekara ya rasu daidai ranar nan. Muka yi kuka, muka kai shi ƙauye. Da shekara ta zagayo, yayata da ke unguwar Romi, wadda muryarta ke ƙetare kogin Kaduna ba lasifika, ta kafa doka: daga yau ranar ta tunawa da Baba ce. Ba kiɗa, ba kek.

Na ce, "Yaya, haihuwata fa?"

"Ka matsa biyu ga wata. Ƙato da furfura, bikin me?"

"Na riga shi zuwa ranar nan. Shi ya kamata ya matsa."

Kuskurenta ɗaya, ni ta aika unguwar Makera in bugo rigunan tunawa masu hoton Baba. Na sa aka buga Baba a gaba, ni a baya, haƙora waje.

To, a wajenmu hoton mutum ba ya hawa riga sai in ya mutu ko yana takara, kuma kowa ya san ko matata ba za ta zaɓe ni ba. Da aka ga rigunan a jikin dangi, kafin a gama addu'ar tunawa, rabin maƙwabtana na Unguwar Boro sun cika ƙofar gidana. Alhajin da muke sayen nama wajensa ya zo da hawaye, yana ce wa matata, "Madam, sai haƙuri. Mutumin kirki ne, sai dai surutu."

Na fito daga ɗaki riƙe da kek. Alhaji ya ja da baya har ya taka akuya.

"Malam, ba ka mutu ba?"

"Yau ma aka haife ni, Alhaji. Samu wuri."

Yaya ta ce na kunyata gida. Na ce Baba ubana ne kamar yadda yake ubanta, kuma ni ma ina kewarsa. Amma ba a binne ni tare da shi ba.

Bana ma ta bugo waya in matsa. Na ce safiya ta Baba ce, na bar masa. Daga azahar kuwa ganga za ta tashi, in Yaya ba ta zo ba za ta ji ta daga Romi.