Filaskon Kaka Tabawa

A ƙauyenmu na gefen Bakori, lokacin karyar masara ne Kaka Tabawa, mahaifiyar babanmu, ta fi sakin baki da tatsuniya, don ga totuwar hura wuta a banza. Da an idar da isha sai mu kewaye murhunta.

Ina shekara bakwai na ci gasasshiyar masara har na wuce hankali. Kwana huɗu ban zaga ba, cikina ya yi tauri kamar ƙwarya. Baba ya ce in gari ya waye babu sauyi, sai asibiti a Funtua. Ni kuwa a zatona duk wanda aka kai can farke shi ake yi. Kaka ta jiƙa ganyen filasko da tsamiya, na ƙi sha, saboda yayyena sun ce murɗa ciki yake kamar a mutu.

Ba ta lallashe ni ba. Ta ajiye ƙoƙon kusa da ƙafarta ta ce, "Ga wata nan tafe." Muka ce ta ƙaraso.

Wai wani makwaɗaici ne kullum yake sace kwaɗon tafasar maƙwabciyarsa. Rannan matar ta tsinko filasko, ɗan'uwan tafasa, ta kwaɗa da ƙuli ta bari a buɗe. Gogan ya share akushi tas. Kafin la'asar ya yi sawu goma zuwa bayan gari, riƙe da mazugi, kowa ya gane ɓarawon.

Na ce, "Kaka, ni ma haka zan yi?"

"Ke akushi na ba ki? Yatsu uku na ɗiba. Sha, 'yar nan, masarar ma ta gaji da zama."

Na toshe hanci na shanye, kafin asuba kuwa na zaga. Da hantsi Baba ya mayar da babur ɗinsa zaure, ni kuwa ina neman koko. Ban taɓa murna da yunwa irin ta ranar ba.

Na daɗe ina ɗauka da ɓarayi tatsuniyar take. Daga baya wata mai haɗa magunguna ta gaya mini abin da ke motsa hanji a filasko yana cikin wasu tsirrai har a ƙasashen sanyi, kuma yawansa illa ne. Ranar da cikin ɗana ya ɗaure, na buɗe ƙullin filaskon da na gada daga Kaka, na rasa ko nawa zan ɗiba, sannan na gane awo Kaka take koya mana. Na mayar da ƙullin na goya yaron zuwa asibiti, ya samu lafiya. Ganyen ta bar mini, amma awon yana yatsunta.