Akwatin Abdulghani Mai Hoto

Gaban Abdulghani ya fara faɗuwa ne wata safiya a shekarar 1971, wurin masu kifi a unguwar Karantina, da aka ƙwala kira, "Saleh bin Usuman!" wani ƙato kuma ya amsa. Da hannunsa ya rubuta wannan suna a bayan hoton wani tsoho mai giɓi, kuma tsohon ya shekara bakwai da rasuwa.

Abdulghani Bahaushen Sudan ne mazaunin ƙasa mai tsarki. Ya yi shekara ashirin yana ɗaukar alhazai hoton takardu a bakin tashar jirgin ruwa. Uku yake wankewa: biyu na mai shi, na ukun ya rubuta suna da gari a baya ya jefa a akwatin ƙarfe. Mutanen wani gari na ƙetaren teku shi suke nema kowace shekara, har lokacin da aka bi su gida gida aka karkashe saboda ƙabilarsu. Tsohon nan mai giɓi yana cikinsu. Tun ranar bai ƙara buɗe akwatin ba.

Wata guda kafin wannan safiya, wasiƙa ta zo daga wani malamin makaranta na can. Za a buɗe gidan tarihi na ƙasa don tunawa da su, ana neman fuskokinsu a nuna wa ɗalibai, don hotunan gidajensu sun ƙone. Abdulghani ya yi ta jan ƙafa.

Da jin sunan nan a wurin masu kifi, ya bar kifin ya koma gidansa a unguwar Nuzla. Ya ɗaga akwatin, ba nauyi. A tsakar gida ya tarar da Othman, ƙanin matarsa, mai haɗa wa baƙi iƙama, takardar izinin zama, ta bayan gida, yana cin ful, dafaffen wake.

"Ina mutanena?"

"Yaya, halas mana. Mamaci ba ya kai ƙara. Rayayye ya samu suna ya zauna, ai lada ma na jawo musu."

"Fuskokin fa?"

"Fuska me za ta yi mini? In na kwafi suna, sai in hura gawayin shisha da hoton."

Ya lashe yatsa ya ci gaba da ci. Abdulghani ya koma kan akwatin ya ƙirga hotunan.

Arba'in da uku suka rage. Ya ɗinke su cikin ƙyalle da wasiƙar da bai ɓoye komai a ciki ba, ya damƙa wa wani matuƙin jirgi ya kai wa malamin. Wata uku ke nan. Har yau ba amsa, bai ma san ko saƙon ya isa ba.